Amshin Iya a Landan

Catford, Landan
Watan Yuni

Zuwa ga Inna Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baffa Almu da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? An ce har yanzu sai da sanda kike zuwa Islamiyya. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da Turawa ke kira zafi, wanda in a Funtuwa ne mayafi za ki nema.

Na san za ki ce wace iska ce ta kwaso Zinatu 'yar Sani, wadda tun rasuwar ubanta ba a ji ɗuriyarta ba. Laifina ne. An gaya mini ba kya son surutun waya, shi ya sa na rubuta da hannuna, autanki Nabil zai nuna miki hoton takardar. Ki yi haƙuri da Hausar, ta sha ruwan Landan.

Sana'ata waƙa ce, amma ba irin wadda ake ganin fuska ba. Mu ake kira mu tsaya a baya, mu cika wa mawaƙi murya inda tasa ta gaza. In kin ji waƙar Bature ta tashi kamar za ta ɗaga rufi, to akwai matan baƙar fata uku ko huɗu a bayansa, yawanci daga coci aka ɗebo su. Masu ganga namu ne, masu jita namu ne. Amma ki hau bene, ofishin da ake yanke sunan wanda zai hau kan waƙa, baƙar fata ɗaya za ki gani, shi ma a bakin ƙofa yake yana duba katin shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Makon jiya wani mai haɗa kiɗa, Bature, sunansa Callum, ya kira ni aiki. Ya sa mini abin ji a kunne ya kunna. Inna, sai na ji ƙwarya. Ƙwarya kife a kan ruwa, sai ga waƙa ta biyo: "Taka a sannu, hanya da santsi." Nan take na gane ta. Waƙar Iya Memunatu ce, surukarki, yayar kakata, wadda Baba ke sa kaset ɗinta a mota har mu ce ya ishe mu. Sun yanko wannan wurin suna ta maimaita shi, sun ɗora nasu kiɗan, wani yaro mai gashi kamar gemun masara yana waƙar soyayya a kai.

Na tambayi Callum ina ya samo. Ya ce a kwalin tsofaffin kaset ne da ya saya a gwanjo, an rubuta "matan Afirka" a jiki. Na ce to sunan wa za a sa? Ya ɗaga kafaɗa, ya kira ni da sunan da suke kirana a nan. "Traditional, Zee. Ba na kowa ba ne." Ba na kowa ba! Na yi aikin na gama, amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Maƙwabcina Marvellous, ɗan Jos ne, shi ke kaɗa piyano a cocinsu a Dagenham, ya ce, "Zinatu, in kika yi complain ba za su ƙara yi miki booking ba. Na ga an yi wa waɗanda suka fi ki." Na ce na ji.

Abin da nake nema shi ne cikakken sunan Iya da na mahaifinta, da hotonta, da yardarku. Kaset ɗin Baba yana hannuna, shi ne shaidata. A Oktoba waƙar za ta fito. Na tura wa Nabil abin da suka yi, ki saurara.

'Yarki,
Zinatu

Funtuwa
Watan Yuli

'Yata Zinatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da muka ji kina lafiya. Hausarki ba ta lalace ba, bakin ne dai irin na Sani, ba birki. Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo take tuna mini da kanta. Baffanki tsufa ya kama shi sosai. Jiya ya tambaye ni ko an ɗaure akuyar da muka sayar tun Nabil yana firamare. Ba shi da yardar da zai bayar ko ya hana.

Damina ta yi kyau, masara ta fara bunni. Matan Islamiyya sun sake ɗora mini shugabancinsu, na ce na gaji, suka ce ba su ji ba. Ga walimar masu sauka tana tafe, ko hutun kirki ba na samu.

Abin da kika aiko na saurara. Na sa Nabil ya maimaita mini, sannan na ce ya ajiye wayar ya ba ni wuri.

Sunan Iya kuwa, tana raye ban taɓa kama shi ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Amma ba wannan ba ce maganar. Ki dakata, Zinatu. Kada ki kai sunanta ko'ina tukuna. Akwai abin da nake so in daidaita a nan gida kafin in ce miki komai, kuma ba na yini ɗaya ba ne. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Wannan maƙwabcin naki ma bai yi ƙarya ba, ki kula da abincinki.

Ki riƙa sallah a kan lokaci. Ki gaida duk wanda ya san mu.

Innarki,
Shafa'atu

Catford
Watan Yuli

Inna,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Baffa lafiya, ya sa a yi walima lafiya. Ni ma ƙalau nake, in ban da raina da yake a ɓace.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, ba ta canja ba. Masara ta samu layi guda, akuya ta samu biyu, Iya kuwa "ki dakata". Inna, bari in faɗa tunda ba a gabanki nake ba balle in sunkuyar da kai. Kunya kuke ji. Yanzu gidan ya zama na malamai da ma'aikata, ba a so a tuna cewa da kiɗan ƙwarya aka ciyar da Baffa, kada a ce muku jinin maroƙa. A nan Bature ya ce ba ta da suna, a gida kuma an ce a rufe sunan. To ina za ta sa kanta?

Ban dakata ba. Nabil ya ɗauko mini hoton da ke rataye a ɗakin Baffa, ya tambayo mini sunan mahaifinta wurin limamin unguwarku. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa.

Na hau benen nan da na gaya miki. Suka zaunar da ni a ɗaki mai bangon gilashi, aka kawo biskit. Akwai wata mata da aikinta kawai shi ne ta tabbatar ana yi wa baƙar fata adalci a kamfanin, ita ma Baturiya ce. Ta dafa ƙirji ta ce labarina ya taɓa ta. Na ce ba taɓawa na zo nema ba, suna na zo a rubuta. Na ciro kaset ɗin Baba, aka rasa abin da za a sa shi a ciki a duk ginin, sai da Marvellous ya kawo tsohuwar rediyon cocinsu a bas. Da ƙwaryar ta tashi, lauyansu ya daina taɓa wayarsa.

Sun ce za su duba. Tun ranar wayata ta yi shiru. Aiki biyu da nake da su a Agusta an yi cancel, ba dalili. In na gaji da zaman flat sai in fita in taka har Lewisham in dawo, ba don ina da abin yi a can ba.

In kin ga dama ki amsa.

Zinatu

Catford
Watan Satumba

Inna Shafa'atu,

Sallama da gaisuwa. Nabil ya ce lafiyarki ƙalau, an yi walima, har kin yi jawabi. Ke nan ba ciwo ne ya hana ki rubutu ba. Na san na yi miki tsaurin ido a waccan takardar. Amma shirun nan ya fi zagi ciwo.

To ga labari, ko kin so ko ba ki so ba. Sun yarda! Za a rubuta a jikin waƙar: murya, Memunatu Ɗanladi ta Funtuwa. Da na ga rubutun a kwamfutar Callum sai da na sake karanta shi harafi bayan harafi. Yanzu kuma sun fi ni zumuɗi. Oktoba ne watan da ake tunawa da tarihin baƙar fata a ƙasar nan, kowane kamfani yana neman abin nunawa, su kuma ga Iya ta faɗo musu daga sama. Sun kama zaure a Whitechapel, sun buga hotonta ya fi ƙofa tsawo, ni zan hau in yi magana. Na san don kansu suke yi. Ban damu ba, in dai sunan ya hau.

Marvellous ya dafa shinkafa ya tara 'yan cocinsu, matan da muke aiki tare suka zo suna rungume ni. Wata 'yar Jamaika da ta tsufa a sana'ar nan ta ce ba ta taɓa ganin an ci irin wannan nasarar ba. Na yi murna, amma ina ta duba waya ko kin aiko.

Ki ce wani abu, Inna, ko faɗa ne.

Zinatu

Funtuwa
Watan Satumba

Zinatu,

Na amsa gaisuwarki. Muna lafiya, Baffanki yana nan yadda kika sani. Faɗa kika nema, to gyara zama.

Kin san muryar Iya kuwa? Murya ce mai kauri, goro da hayaƙin murhu sun gama da ita. In ta ɗauko baiti daga bayan katanga sai ki rantse namiji ne. Koma ki kunna abin da Baturenki ya haɗa, ki nemo mini wannan muryar. Babu ita, ko tarinta babu. Ya zubar da baitocin Iya kaf, ya ɗauki amshi. Amshi kuwa ba zabiya ke yin sa ba. Mu uku ne a bayanta, kowace da ƙwaryarta: Fadilatu, Allah ya jiƙanta, da Zarah ta Bakori, da ni.

Ki saurara da kyau, za ki ji ɗaya tana shigowa a makare kaɗan, bayan biyun. Ni ce. Ina da tsohon cikin ɗana na fari, numfashi ba ya isa ta. Iya ta harare ni a ranar da aka ɗauki kaset ɗin har sau nawa.

Kalmomin ma ba na Iya ba ne. Wata damina muna hanyar Maska za mu gidan suna, Iya ta zame a bakin rafi ta zauna daɓas a cikin laka, ƙwarya a ka. Fadilatu, da ba ta iya riƙe bakinta, ta ce, "Taka a sannu, Iya, hanya da santsi." Muka yi dariya har da hawaye. Iya ta tashi tana zaginmu, ta ce to a riƙe shi, amshin yau ke nan.

Kuma Iya ba ta taɓa cin haƙƙinmu ba. Ba ta tashi daga wasa sai ta kira 'yan amshinta ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowace, an yi mata guɗa. A ƙarshe take yi. Kaset ɗin ubanki ya cika kafin a kai wurin.

Kin ce kunyar Iya nake ji. Matar da na yi wa wankan gawa da hannuna? Allah ya yafe miki. Kaina nake tunani. Bayan rasuwarta ƙoren suka koma kicin, na koma makaranta, na koyar har na yi ritaya. 'Ya'yana sun san kakarsu zabiya ce, ba su san uwarsu ta yi amshi ba, ba wanda ya taɓa tambaya. Ban ce laifi na yi ba, kuma ban yi nadama ba. Amma ki auna, mace da jikoki, mata suna kiranta Malama, rana ɗaya a kunna mata muryarta tana yarinya, a ce ga ta can za a yi rawa da ita a gidajen giya na Landan. Lokaci na nema in san yadda zan faɗa wa yarana. Na ɗauko biro ya fi a ƙirga, ina ajiyewa. Shirun ya yi yawa, wannan na yarda.

Abin da ya fi ba ni mamaki ke ce. Kin cika mini takarda da kukan ana jin ku ba a ganin ku. Sai ga shi kin ji mata uku suna waƙa a kunnenki, ba ki ce su wane ne waɗannan ba. Kika tsallake mu kika tafi neman mai gaba, daidai yadda mutanen benenku suke yi. Laifi tudu ne, 'yata. Yanzu kin sa an rubuta sunan wadda ba ta ciki, an bar waɗanda ke ciki, kuma ana shirin tafa miki.

Innarki,
Shafa'atu

Catford
Farkon Oktoba

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Ban san da wanne zan fara ba.

A bas na karanta takardarki, na wuce tashata ban sani ba, sai da direba ya ce an zo ƙarshe. Na sa abin ji a kunne a nan bakin titi. Mata uku a tsohon amshin, ƙarara, ko yaro zai ƙirga. Wadda ke makarar nan kuwa, Inna, ita ce Callum ya sa ni in bi ranar da na yi aikin. Ya ce duk daɗin waƙar a wannan jinkirin yake. Yini guda na yi ina koyon numfashinki, ban san naki ba ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Washegari na koma benen. Wannan karon ba a kawo biskit ba. Callum ya ce, "Zee, kaka ɗaya labari ne mai daɗi. Mutum uku kuma paperwork ne, tulin takardu." Matar adalcin ta ce an riga an buga hotuna, an gayyaci 'yan jarida. Lauyan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai wani dangin da zan tuno da shi mako mai zuwa. Kallon da suke mini na gane shi, wato mu ko namu ba mu sani ba. Marvellous ya ce in bar shi haka, suna ɗaya ya fi babu, in na ja da yawa igiyar za ta tsinke. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma ba zan iya hawa gaban mutane in nuna hoton Iya in ce ga muryar da kuke ji ba.

Ga inda aka tsaya. Za su gyara in waɗanda ke raye sun yarda da bakinsu, a ɗauka a waya a turo, kafin Juma'ar sama. In ba haka ba, ko a bar sunan Iya, ko a koma "ba na kowa ba". Na ce in an bar na Iya ba zan je taron ba.

Ba zan matsa miki ba, na riga na yi ɓarna da matsi. Kin fi ni sanin abin da zai biyo baya a Funtuwa. In kin ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina.

'Yarki,
Zinatu

Funtuwa
Oktoba

'Yata Zinatu,

Gaisuwarki ta iso, gafara kuma an yi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Baffanki ya ɗan ji sauƙi. Ƙafa ce ta kumbura, don na ba ta wahala.

Na shiga mota na je Bakori. Zarah ba ta gani sosai, haƙori saura na rantsuwa, amma kunne garau. Da Nabil ya kunna mata sai ta jawo kwanon da take cin ɗanwake ta kife, ta hau kaɗawa. Ta ce, "Shafa, ashe makarar taki har Ingila ta kai?" Na ce mata ana so a sa suna. Ta ce a sa da manyan baƙaƙe, mijin da zai hana ta ya daɗe a ƙasa. 'Yar Fadilatu ma na same ta, ta yi kuka, ta ce a sa na uwarta.

Na tara yarana na faɗa musu. Babban ya sha toka, ya ce me abokan aikinsa za su ce. Na ce su ce uwarsa ta rera waƙa da shi a ciki, ya fito lafiya. Har yau bai zo gaishe ni ba. Matan Islamiyya kuwa ban jira su ji a gari ba, na faɗa musu da kaina bayan karatu. Wasu sun yi dariya, wasu sun sunkuyar da kai, biyu sun tashi sun fita. Na ji ana cewa a canja shugaba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Inda za a kunna waƙar kuma har yanzu bai kwanta mini ba. Amma ko da sunana ko babu za a kunna, gara a san ba daga iska ta faɗo ba.

Nabil ya ɗauki maganarmu, ni da Zarah da 'yar Fadilatu, zai turo. Sunan Iya kada a cire, a rubuta cewa ita ce zabiyar, ƙungiyarta ce. Hoton ma a bar shi, ta fi mu kyau.

Saura magana ɗaya. Da muke saurare a Bakori, Zarah ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, ta ce mu uku ne, wace ce ta huɗun da ke bin Shafa? Nabil ya ce ke ce. Na ce ina naki sunan? Ya ce irin aikinku ba a sa suna, takardar da kuke sa wa hannu ta hana. Wata huɗu kina yawo a titi saboda sunan matattu da tsofaffi, ko sau ɗaya ba ki ambaci naki ba.

To ki hau benen nan ki gaya wa Callum 'yan amshin waƙarsa huɗu ne. In ba za a sa naki ba, a cire nawa, Zarah ma ta ce a cire nata, mun faɗa a cikin abin da Nabil ya ɗauka don kada ki ɓoye. A wurin Iya ba a kiran wasu a bar wata tana riƙe da ƙwarya.

Innarki,
Shafa'atu Garba